Fure Na Goma Sha Huɗu

Ranar wata Talata da hantsi Kafinta yana sunkuye a kan wata ƙofa yana bin ta da samfefa, sai inuwar mutum ta tare masa haske. Bai ɗago ba. Halinsa ke nan, ko wane ne ya shigo sai ya jira hannu ya kai ƙarshen katako.

"Sannu da aiki, Baban Shago."

Ai sai samfefar ta suɓuce. Mutum ɗaya tak ke kiransa da wannan suna a duniya, 'yarsa, ita kaɗai Allah ya ba shi. Shekararta huɗu uwarta ta tattara nata ya nata ta fita, ta ce ta gaji da zama da mutumin da katako ya fi shi hira. Kuma ba ta yi ƙarya ba. Ta auri wani malamin makaranta suka bar garin da yarinyar. Malamin nan shi ya raine ta, shi ya yi ta ɗawainiya har ta zama nas, shi take kira Baba. Da suka dawo shekara biyu da suka wuce sai ta fara biyowa ta shago jefi-jefi, a tsaitsaye, gaisuwa da tambayar lafiya, ta wuce. Don kada iyayen su cakuɗe mata a baki ta raɗa wa wannan Baban Shago. Abin haushin kuma, malamin mutumin kirki ne. Da mugu ne da Kafinta ya samu abin riƙewa a zuciya, to ko a hanya suka haɗu shi ke riga shi gaisuwa.

"Mamana," ya ce, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ya jawo kujera ya kaɗe ta da tsumma, ya sake kaɗewa. "Zauna mana."

"A'a, aiki zan koma." Ta russuna ta miƙa masa kati mai ruwan zinare. "An sa rana. Saura sati uku."

Ya san da maganar auren, ta gaya masa tun zuwanta na baya. Amma sani daban, kati a hannu daban. Sai da ya goge yatsunsa a wando sannan ya karɓa.

"Sannan da roƙo na zo," ta ce. "Mazan za su sa kwat, kowa da ɗan fure a ƙirji. Ɗanyen fure kuwa ka san halinsa, kafin a zo ɗaukar hoto ya langaɓe." Ta nuna wani allon gado da ke jingine a bakin shago, inda ya sassaƙa furanni manya-manya. "Za ka iya yin irin waɗannan ƙanana? Na katako, a yi musu fenti, a sa fil a baya. Kada dai su kai girman ƙwai."

Bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Ya ce, "Me zai hana?"

"Guda goma sha huɗu." Ta zaro takarda a jaka da ƙyallaye biyu. "Na ango fari. Na abokansa ruwan hoda, irin wannan. Na manya ja mai duhu, ga shi nan." Ta kalli agogon hannunta ta ce wayyo ta makara, ta yi masa sallama ta fice.

Sai da ya ga ta sha kwana sannan ya warware takardar. Rubutunta ƙanana ne, a tsare. Ango. Abokan ango, takwas. Uban ango. Kawu babba. Kawu ƙarami. Baba. Ya ƙirga da yatsa, goma sha uku. Ya zaro fensirin bayan kunnensa ya bi su ɗaya ɗaya, goma sha uku. Ya ɗebo ƙusoshi ya jera a kan benci, kowane mutum ƙusa ɗaya, kamar ƙusa za ta fi fensir gaskiya. Goma sha uku dai. Ita kuwa da bakinta ta ce goma sha huɗu, kunnensa lafiya lau.

To ga inda gizo ke saƙar. Kafinta yana da doka guda tun yana koyon aiki: ba ya yanka abu daidai wa daida. Kujera mai ƙafa huɗu, biyar zai yanka. Hannun durowa shida, bakwai zai fere. Ta ƙarshen ita ce ta ko-ta-kwana, don katako ba shi da alkawari. Kuma yarinyar nan kafin a tafi da ita wuninta a shago take, zaune a kan tulin sassaƙe, tana taya shi ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu, da ta ko-ta-kwana. In an gama aiki ba a buƙaci ta ƙarshen ba, ita ake bai wa ta yi 'yar tsana da ita.

Saboda haka abu biyu ne. Ko dai ta tuna dokar ubanta ta ƙara ɗaya da kanta, ko kuwa furen na goma sha huɗu nasa ne. Na farkon ma da daɗi, don ya nuna ba ta manta shagon ba. Amma na biyun yake so, so mai ciwo. Ba ya neman a kira sunansa a taro, ba ya neman kujerar gaba. So yake kawai ranar nan duk wanda ya shigo ya ga jerin maza masu fure a ƙirji ya gan shi a ciki, ya san wannan ma na amarya ne. Shekara ashirin da biyu yana kewar yarinyar nan, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.

Maƙwabcinsa Mai Fenti, mai rubuta allunan shaguna, shi ya same shi tsaye a kan ƙusoshin. Wannan kuwa ƙato ne mai tumbi, rigarsa kala bakwai, bakinsa ba ya hutu. Shekara goma sha takwas bango ɗaya ya raba su, kuma duk maganar da aka yi a tsakaninsu kashi tara nasa ne. Ya karɓe takardar ba tare da an ba shi ba, ya ƙirga, ya ji bayani.

"Naka ne mana!" ya ce. "Wannan har sai an tara malamai?"

"Ba sunana a ciki."

"To ɗauki waya ka tambaye ta. Matambayi ba ya ɓata."

"In ta ce ba nawa ba ne fa? Na sa ta jin kunya a banza. Sai ta ce to a ƙara ɗaya, don tausayi."

"To sai me? Fure ne dai."

"Ba na son na tausayi."

Mai Fenti ya tafa hannu ya juya ya dubi titi kamar mai neman shaida. "Jama'a ku ji min mutum! Yunwa na cinsa, an ajiye kwano a gabansa, ya ce ba zai buɗe ba kada ya tarar babu komai."

Kafinta ya tattare ƙusoshinsa. Ya hau kan benci ya sauko da wani farin katako mai laushi da ya daɗe a saman rufi, ya bushe ƙarau. Ya ɗora ma'auni ya zana gida-gida da fensir. Hannunsa da kansa ya zana goma sha biyar. Ya tsaya yana kallo. In ya yanka goma sha biyar, ya yarda ke nan na sha huɗun nasa ne, tunda an yi masa na ko-ta-kwana a bayansa. Wannan kuwa ya fi ƙarfin bakinsa, balle zartonsa. Goma sha huɗu ya yanka, ya mai da ragowar katakon sama.

Daga ranar ƙofar nan ta zauna a jingine, mai ita ya zo sau biyu ya koma da haƙuri. Aikin fure ba irin wanda ya saba ba ne. Na farko da ya gwada fitarwa daga gunduma ɗaya ya fito kamar albasa, Mai Fenti ya yi dariya har da riƙe ciki. Sai Kafinta ya sake dabara. Zuciyar furen kaɗai yake ferewa daga gundumar, 'yar dunƙulalliya mai murɗe a kai. Sauran kuma falle-falle yake yankowa daga gefe da 'yar wuƙa, sirara kamar farce, ya jiƙa su a ruwan zafi har su yi laushi, ya lanƙwasa kowanne a bayan cokalin shayi, ya ɗaure da zare ya bar shi ya bushe. Washegari ya kwance, ya bi gefen da samfefa mai laushi, ya liƙa su da gam kewaye da zuciyar, uku a ciki, biyar a waje. Sannan ganye ɗaya da ɗan kara. Yatsunsa na mai riƙe guduma ne, kauri gare su, falle uku yake karyawa kafin ya samu ɗaya. Tabaransa kuma sai zamowa yake yi.

Amma bai taɓa jin daɗin aiki irin wannan ba. Kowane fure ya san mai shi. Na ango ya yi masa da kyau, yana yi yana gargaɗinsa a zuci. Na kawu babba, wanda tun ranar rabuwar bai sake amsa gaisuwarsa ba, ya yi niyyar barin falle ɗaya a karkace, hannunsa ya ƙi. Na malamin makaranta kuwa sau biyu ya sake shi, don kada a ce. Na goma sha huɗu ya bari a ƙarshe, ya kwana uku a kansa. Shi kaɗai ya yi wa falle tara, ya lanƙwaso bakin na waje baya kaɗan kamar wanda ya fara buɗewa da safe.

Ana saura kwana goma ya yi ta maza ya ɗauki waya. Mai Fenti yana tsaye a kansa yana yi masa alama da hannu, ka faɗa, ka faɗa. Ta ɗauka a asibiti, ana jin hayaniya a bayanta.

"Baban Shago, lafiya dai?"

"Lafiya lau, Mamana. Dama kan furannin nan ne." Ya haɗiye yawu. "Fil ɗin... dogo kike so ko gajere?"

"Duk wanda ka ga ya fi. Ana kirana, sai na zo."

Ya ajiye wayar. Mai Fenti ya dube shi tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Dogo ko gajere. Allah ya shirye ka." Ya fita yana girgiza kai.

Fenti ba ya shiri da ƙurar katako, don haka a shagon Mai Fenti aka yi sauran aikin. Suka share tebur, suka yayyafa ruwa a ƙasa, suka soke furannin a jikin wani tsohon soson katifa, tsaye-tsaye. A nan fa Mai Fenti ya zama sarki. Ya manna ƙyallen ruwan hoda a bango ya shiga haɗi a murfin gwangwani: fari da yawa, ɗigon ja, sai wani ɗan rawaya da bakin tsinke. Ya shafa a takarda ya fita da ita rana, ya dawo ya ƙara, ya sake fita. Ya ce fenti maƙaryaci ne, kalar da yake nunawa yana ɗanye ba ita yake bari ba in ya bushe.

Shi ya yi haɗi, amma burushi bai bar hannun Kafinta ba. Farar shimfiɗa tukuna, a bari ta sha iska, a goge, sannan kala. Mai Fenti ya koya masa ya zurfafa kalar a can cikin zuciyar furen, ya sassauta yana fitowa, bakin fallen kuma ya shafe shi da busasshen burushi mai ɗan fari. Hawa uku kowanne. Na ango ya fito fari tas da ɗan ruwan madara a ciki. Na abokai takwas suka jeru kamar 'yan gida ɗaya. Na manya huɗu ja mai duhu, mai nauyi a ido. Wata mata da ta zo karɓar allon shagonta sai da ta sunkuya ta shinshina.

Saura na goma sha huɗu, fari fat a ƙarshen soso, ba a ce masa kala ba. Kafinta ya jira har Mai Fenti ya fita kai allo. Ya tsoma burushi a ja. Ya yi hawa ɗaya, ya yi na biyu, zuciyarsa na bugawa kamar mai sata. Da ya gama ya ɗauke shi da yatsa biyu ya je gaban gilashin taga ya kara shi a ƙirjinsa na hagu. Ya daɗe a tsaye a wurin. Dattijo ne ya gani mai furfura da riga duk gam, amma furen ya zauna masa.

"Iye!" Mai Fenti ne a bakin ƙofa, baki har kunne. "Uban amarya ke nan! Ai na gaya maka."

Da ya yi shiru da an wuce wurin. To shi baki in ya saba ba ya tambayar izini. Kunya ta rufe Kafinta, ya sauke furen da sauri.

"Gwadawa nake. Na ko-ta-kwana ne."

"Na ko-ta-kwana ja? Samari takwas za su yi ta tsalle suna rungumar juna, tsofaffi huɗu suna zaune kamar an dasa su. Na wa zai karye?"

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta ɓata komai. Kafinta ya ga in yarinyar ta buɗe kwali ta tarar da ja biyar, ta gane ke nan ya cusa kansa inda ba a sa shi ba. Washegari tun kafin Mai Fenti ya buɗe baki ya ɗauki ruwan hoda ya bi kan jan.

"Kai, kai, kai! Ja ba ya ɓoyuwa a ƙarƙashin ruwan hoda, sai ka kankare ka sake shimfiɗa."

"Fallen ba zai jure kankara ba."

Hawa huɗu ya yi masa, jan yana tasowa. Da ya bushe sai ya ba da wata kala tasa ta daban, ta fi ta samari duhu, ba ta kai ta manya ba. Mai Fenti ya jujjuya shi a rana, ya ce wallahi shekara talatin yana haɗa fenti bai taɓa samun irinta ba, kuma ya fi sauran kyau, abin takaici.

Suka shafa banish don ya yi sheƙi, suka naɗe karan da koren zare, suka ɗaura fil. Kafinta ya shimfiɗa auduga a kwali, ya naɗe kowane fure a farar takarda ya rubuta mai shi a kai, don shi ba ya aika aiki ba lakabi. Ango. Aboki, sau takwas. Uban ango, kawunnai, Baba. A kan na ƙarshe fensir ya tsaya. Mai Fenti ya ce ya bar shi ba rubutu, ko ya sa shi a aljihu ya tafi da shi, in nasa ne shi ke nan. Kafinta ya ce aiki goma sha huɗu aka ba shi, goma sha huɗu zai kai. Ya rubuta: na ko-ta-kwana. Ana jibi biki babban abokin ango ya zo da mota ya ɗauki kwalin, ya ce amarya ta so zuwa, hidima ta hana ta.

Ranar biki da la'asar Kafinta ya sa farar rigarsa mai dogon hannu da ya kai guga tun jiya, ya tafi ɗakin taron shi da Mai Fenti. Wuri ya cika, fankoki na juyawa, kiɗa na tashi. Suka samu tebur a can baya kusa da ƙofar da ake shigo da abinci. Daga nan yana hango aikinsa yana yawo a ƙirjin mutane. Ga fari a jikin ango, ga ruwan hoda suna kai da kawowa, ga ja huɗu a teburin gaba. Ko ɗaya bai karye ba. Ya ji wata mata a teburin kusa tana rantsuwa ɗanye ne, ƙawarta na cewa roba ce.

Sai Mai Fenti ya zungure shi. "Dubi can."

Mai gabatarwa ne, wani siririn mutum mai kwat mai ƙyalli, yana ta zuba surutu a makirfo yana juyi. A ƙirjinsa ga fure mai falle tara, kalar da babu irinta. Babban abokin ango ya ga an rubuta na ko-ta-kwana, ya ga ba wanda nasa ya karye, ya ga mutum ƙirji ba komai, ya maƙala masa. Laifin wa? Kafinta ya sunkuyar da kai. Ya ce wa kansa ai shi ke nan, an samu amsa, dama haka ne. Ya sa ido a kan kwalbar lemon gabansa.

Can aka ce dangin amarya su fito hoto. Uwarta ta tashi, malamin makaranta ya tashi, kawunnai suka gyara kwat. Mai hoto ya jera su, ya ɗaga hannu. Amarya ta ce ya dakata. Ta yi ta dube-dube, sannan ta tattaro farar rigarta da hannu biyu ta sauko, ta ratso tsakanin tebura, mutane na janye kujeru, har ta iso baya.

"Baban Shago, kai ake jira. Me kake yi a nan?" Idonta ya sauka a ƙirjinsa. "Ina furenka?"

Ya miƙe tsaye. "Wanne?"

"Naka mana. Ba goma sha huɗu na ce ba?"

"Takardar... goma sha uku ne a ciki."

"Takardar ta waɗanda za a kai wa ce. Kai da kake yin su da hannunka, sai in rubuta sunanka in miƙa maka?"

"Na ɗauka na ko-ta-kwana ne," ya ce a hankali. "Irin yadda muke yi. Ƙafa huɗu, a yanka biyar. Kina zaune a kan sassaƙe kina ƙirgawa."

Ta dube shi, ta ɗan girgiza kai. "Ban tuna ba, Baban Shago. Wallahi ban tuna komai na lokacin ba."

Maganar ta soke shi, don duk shekarun nan yana zaton akwai wannan ɗaya a tsakaninsu. Amma ga ta tsaye a gabansa cikin kayan aure, ta baro hoto ta zo nemansa. Bai san wanne zai ji ba, duka biyun suka taru a idonsa. Mai Fenti, wanda bai taɓa rasa abin faɗa ba, hanci kawai ya ja ya nuna mai gabatarwa da yatsa.

Ba ta aiki kowa ba. Da kanta ta je, ta ce da mutumin ya yi haƙuri, ta zare furen daga kwat ɗinsa yana tsakiyar magana. Ta dawo ta kama hannun rigar ubanta ta ja shi gaba. Malamin makaranta ya matsa ya ba shi wuri a gefenta, ya ce, "Bismillah, nan ne wurinka." Uwarta ta kau da kai.

Ta soka fil ɗin a farar rigarsa. Riga ce mara kauri, furen katako ya fi ƙarfinta, ya rinjayo ya kife kansa ƙasa. Ta zare ta sake sokawa sama kaɗan, ya sake kifewa. Mai hoto ya ce lokaci na tafiya. Sai ta ɗaga furen ta daidaita shi, ta dafe karan da tafin hannunta a kan ƙirjinsa, ta juyo ta fuskanci kyamara.

"Ɗauka haka," ta ce.

Ya ji ɗumin hannunta ta cikin riga. Rabon da hannun nan ya taɓa shi tun bai fi rabin tafinsa ba. Ya tabbata tana jin yadda zuciyarsa ke dukan hannunta, kuma ba yadda zai yi ya hana. Mai hoto ya ce kowa ya yi murmushi, ya ce dattijon gefen amarya ya ɗago kai, ya ɗauka sau uku. Kafinta ya yi fatan ya ce wani ya rufe ido, a sake.

"Dangin ango!" in ji mai gabatarwa.

Ƙawaye suka zo suka janye ta, tana waiwaye tana ce masa kada ya tafi bai ci abinci ba. Hannun ya ɗauke, furen ya kife. Kafinta ya sa nasa hannun ya tallafe shi a daidai wurin, ya bi gefen bango ya koma teburinsu. Da aka kawo abinci Mai Fenti ya ce ya saki furen nan haka ya ci, ba gudu zai yi ba. Kafinta ya ce ba ya jin yunwa.